Me jami'o'in Amurka ke dubawa kafin su ɗauki babban kocin zari-ruga?

Yaya za a yi jami'a, wurin da aka gina domin karatu, ta amince ta biya mutum ɗaya sama da dala miliyan 75 don kawai ya kwashe kayansa ya bar mata ofis? Wannan ne ya faru a watan Nuwamban 2023, lokacin da jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher, kuma kuɗin nan ana biyansa su kashi-kashi har zuwa 2031. A watan Oktoban 2025 abin ya sake maimaituwa sau biyu cikin mako biyu: jami'ar Penn State ta sallami James Franklin, sannan jami'ar LSU ta jihar Louisiana ta sallami Brian Kelly, kowannensu da kuɗin sallamar da a takarda ya kai kusan dala miliyan 50 ko ya ɗara.

Mutane da dama da suka ga waɗannan alƙaluma sun tsaya ne a kan mamakin kuɗin. Ni tambayar da ta fi damuna tana can baya, ranar da aka ɗauki mutanen nan aiki ana tafi ana murna. Da wane ma'auni aka auna su? Kuma me ya sa jami'o'in da ke cike da masana lissafi da shari'a suke yawan yin kuskure a wannan zaɓi guda?

Wane wasa ake magana, kuma me ya haɗa shi da jami'a?

Ba tamaular da muka sani ba ce. Wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa shi ne zari-rugarsu, wadda ake ɗaukar ƙwallo mai siffar ƙwai a hannu, 'yan wasa sanye da hular kwano da sulken kafaɗa, mutum 11 a kowane ɓangare. Ƙwararru suna bugawa a gasar NFL, amma hanyar shiga NFL ta cikin jami'a take bi. Yaro ya gama sakandare, jami'a ta ba shi gurbin karatu kyauta, ya buga mata aƙalla shekara 3, sannan ƙwararru su duba shi.

Saboda haka ƙungiyar jami'a a can tana matsayin babban kulob ne. Filin wasan jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. A jihohi irin su Alabama da Nebraska da Mississippi, inda babu ƙungiyar NFL, ƙungiyar jami'a ita ce abin alfaharin jiha baki ɗaya, manomi da direban babbar mota da gwamna duk ita suke goyon baya. Rukunin jami'o'i na Big Ten ya sayar da haƙƙin nuna wasanninsa a talabijin kan sama da dala biliyan 7 na shekara 7 daga 2023. A jihohi da yawa, ma'aikacin gwamnatin da ya fi kowa albashi shi ne kocin jami'ar jiha, ya fi gwamna, ya fi shugaban jami'ar da ke sa hannu a takardar ɗaukarsa.

Abu ɗaya da ya kamata mai bin tamaular Turai ya lura da shi: a nan wasa 12 kacal ake bugawa a kaka kafin zagayen ƙarshe. Kulob a Firimiya yana da wasa 38, ya yi tuntuɓe sau uku ya farfaɗo. A nan rashin nasara uku a jere yana nufin shekarar ta tafi. Abin da ya ci Franklin ke nan. A Janairun 2025 ya kai Penn State wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa, ya ci mata wasa fiye da 100 a zamansa, amma da ya sha kashi a hannun Oregon da UCLA da Northwestern a jere, washegarin na ukun aka sallame shi.

Wa ke da wuƙa da nama?

A takarda, daraktan wasanni na jami'a shi ke zaɓa, shugaban jami'a da majalisar amintattu su amince. A zahiri hannaye sun fi haka yawa. Akwai attajirai, yawanci tsofaffin ɗalibai, waɗanda da kuɗinsu ake gina filaye ake biyan kuɗin sallama, kuma wanda ya zuba miliyoyi ba zai yarda a yanke hukunci bai sani ba. Akwai kamfanonin da ake ɗauka haya su yi bincike a asirce, su tuntuɓi kocin da ke aiki a wani wuri ba tare da kowa ya ji ba. Akwai wakilan kociyoyi, irin su Jimmy Sexton wanda ke wakiltar manyan kociyoyi da dama a kudancin ƙasar, wanda sau da yawa mai barin kujera da mai hawanta duk mutanensa ne.

Sai magoya baya. A Nuwamban 2017 jami'ar Tennessee ta gama magana da Greg Schiano, labarin ya fita da safiyar Lahadi, kafin dare magoya baya da wasu 'yan siyasar jihar sun tada ƙura a shafukan sada zumunta har jami'ar ta janye. 'Yan kwanaki bayan haka daraktan wasannin da kansa ya rasa kujerarsa. Wanda aka ɗauka daga bisani, Jeremy Pruitt, an kore shi a Janairun 2021 bisa karya dokokin zawarcin 'yan wasa.

Duk wannan kuma cikin gaggawa ake yinsa. Kaka tana ƙarewa a ƙarshen Nuwamba, a farkon Disamba yaran sakandare ke sa hannu su zaɓi jami'a. Darakta yana da kwanaki ƙalilan. Ganawar ana yin ta a ɗakin otel kusa da filin jirgi ko a gidan kocin da daddare, yayin da magoya baya ke zaune a gaban kwamfuta suna bin sawun ƙaramin jirgin jami'ar a intanet don su gano garin da ya sauka. Mutumin da za a danƙa wa kwantiragin shekara 7 ko 10, wani lokaci ganawar awa uku ce kawai aka yi da shi.

Tarihin nasara, da tarkon da ke cikinsa

Ma'aunin da kowa ke fara ambata shi ne: ya taɓa cin kofi? Yana da sauƙin karewa a gaban 'yan jarida da attajirai. Fisher ya ci kofin ƙasa da Florida State a kakar 2013, shi ya sa Texas A&M ta ba shi dala miliyan 75 na shekara 10 a ƙarshen 2017, ta kuma ƙara masa a 2021. Ya tafi da nasara 45 da rashin nasara 25, bai taɓa kai ta zagayen ƙarshe ba. Kelly ya fi kowane koci yawan nasara a filin wasa a tarihin jami'ar Notre Dame kafin LSU ta ɗauko shi a ƙarshen 2021, kuma bai kai LSU matsayin da aka ɗauko shi dominsa ba. Jami'ar North Carolina ta je har NFL a Disamban 2024 ta ɗauko Bill Belichick, mutumin da ya ci babban kofin ƙwararru sau 6 da New England Patriots. Kakarsa ta farko ta ƙare da rashin nasara fiye da nasara.

Kuskuren da nake gani shi ne, ana ƙirga kofin ba a tambayar da me aka ci shi. Kocin da ya yi nasara a wurin da 'yan wasa mafi kyau ke zuwa da ƙafarsu, da mataimakan da wani ya tara, da fitaccen mai jefa ƙwallo guda, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari, wanda ya ɗauki ƙungiya a kafaɗarsa, ba lallai ne ya san yadda ake gini daga tushe ba.

Ku dubi Curt Cignetti. Yana cikin mataimakan Nick Saban, shahararren kocin jami'ar Alabama a lokacin, aikin da kowa ke sha'awa, sai a 2011 ya ajiye ya tafi wata ƙaramar jami'a a jihar Pennsylvania da ke buga rukuni na biyu, albashi ya ragu, ba talabijin, ba jirgi, don dai ya riƙe ƙungiya da kansa. Ya yi nasara a can. Ya koma Elon ya yi nasara. Ya koma James Madison ya yi nasara. Sai a ƙarshen 2023, yana da shekara 62, jami'ar Indiana ta ɗauke shi, ƙungiyar da ta shahara da shan kashi tsawon tarihinta. Ya taho da 'yan wasa fiye da 10 daga James Madison, waɗanda manyan jami'o'i suka raina, tare da mafi yawan mataimakansa. A kakarsa ta farko Indiana ta ci wasa 11, abin da ba ta taɓa yi ba, ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale na ƙasa. Kusan shekara 13 mutumin nan yana nuna abin da ya iya a fili, manyan jami'o'i suna wuce shi suna neman suna.

A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya fi kowane nauyi: me mutum ya yi da abin da aka ba shi, kuma ya maimaita a wuri fiye da ɗaya? Ba ya tabbatar da komai ɗari bisa ɗari, amma ya fi ƙirga kofuna gaskiya.

Akwai kuma waɗanda ba su taɓa riƙe ƙungiya ba suka zo suka yi fice. Kirby Smart mataimakin Saban ne mai kula da tsaron baya kafin Georgia ta ɗauke shi a Disamban 2015, ya ci kofin ƙasa a kakar 2021 da ta 2022. Dabo Swinney riƙon ƙwarya aka ba shi a Clemson a tsakiyar kakar 2008, mutane da yawa suna ganin bai kai ba, ya ci kofi a kakar 2016 da ta 2018. Abin da ya haɗa su shi ne waɗanda suka ɗauke su sun san aikinsu kusa da kusa, shekara da shekaru, ba daga ganawar otel ba.

Ɗan gida

Jami'o'i na son ɗaukar tsohon ɗan wasansu, suna cewa ya san al'adar wurin. Smart tsohon ɗan wasan Georgia ne, abin ya yi kyau. Scott Frost kuma shi ne mai jefa ƙwallon Nebraska lokacin da ta ci kofin 1997, kuma ya dawo mata a matsayin koci ne bayan ya kai jami'ar UCF ta jihar Florida kaka guda ba a doke ta ba a 2017. Babu wanda ya yi jayayya da zaɓin. Ya ci wasa 16, aka doke shi 31, aka sallame shi a Satumban 2022. Matsalar ɗan gida ita ce ƙauna tana hana a yi masa tambayoyin da za a yi wa baƙo, kuma tana jinkirta rabuwa idan abu ya ƙi.

Aikin da ake ɗaukar mutum ya yi ya canza

Nan ne mafi yawan masu sharhi daga nesa suke kuskure. Har zuwa 'yan shekarun nan, dokar hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta hana a biya ɗan wasa ko sisi bayan karatu da abinci da masauki. Idan kuma yaro ya so sauya jami'a, sai ya zauna shekara guda bai buga ba. Wannan ya ba koci iko mai yawa. Babban aikinsa shi ne zawarci: ya shiga mota ya je gidan yaro ɗan shekara 17, ya zauna a falo, ya ci abin da uwar ta dafa, ya dubi idonta ya ce zai riƙe mata ɗa kamar nasa, zai ga ya kammala digiri. Idan yaron ya sa hannu, shi ke nan, yana hannunsa shekara 3 ko 4.

Wannan zamanin ya wuce. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci kan NCAA a shari'ar Alston, alƙalai 9 duk bakinsu ɗaya. Daga 1 ga Yulin 2021 aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, tsarin da ake kira NIL. A shekarar ce aka cire zaman shekara guda ga mai sauya sheƙa karon farko, a 2024 kuma aka buɗe ƙofar gaba ɗaya. Sai a Yunin 2025 wata alƙaliyar tarayya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai-tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace jami'a.

Ma'anar wannan ga mai neman koci ita ce, yanzu ana neman mutumin da zai iya riƙe ma'aikata da kasafin kuɗi. Kowace shekara sai ya sake zawarcin 'yan wasan da ke hannunsa, domin kowa na iya tafiya. Sai ya san nawa zai ba mai jefa ƙwallo, nawa zai rage wa masu tare masa gaba, kuma ya iya shiga ɗakin sauya kaya inda yaro ɗaya ke karɓar miliyan, na kusa da shi bai samu kashi ɗaya cikin goma ba, ya sa su yi wa juna aiki. Tsawa da barazana ba sa riƙe yaron da ke da tayin wata jami'a a wayarsa. Shi ya sa jami'o'i suka fara ɗaukar babban manaja na daban, kamar yadda Stanford ta ɗauki tsohon tauraronta Andrew Luck a ƙarshen 2024. Tambayar da ake yi wa ɗan takara yanzu ta haɗa da: za ka yarda ka raba iko da manaja? Wa za ka taho da shi? Su wa za su biyo ka?

Saban da kansa, wanda ya ci kofin ƙasa sau 7, ɗaya a LSU, 6 a Alabama, ya yi ritaya a Janairun 2024, kuma bai ɓoye cewa sabon yanayin ya canza aikin da ya sani ba. Deion Sanders kuma ya nuna ɗaya fuskar. Colorado ta ci wasa 1 cikin 12 a 2022, ya zo ya sauya kusan dukan 'yan wasan cikin watanni, a 2024 ta ci 9. Ga jami'ar nasara ce. Amma yara da dama da suka zo Colorado bisa alkawarin kocin baya an nuna musu ƙofa, kuma su ma 'ya'yan wasu ne.

Hali

Wannan ma'aunin kowa na faɗinsa a taron manema labarai, kaɗan ne ke bincikensa da gaske. A Disamban 2001 Notre Dame ta ɗauki George O'Leary, bayan kwana 5 ya ajiye aikin domin an gano digirin na biyu da ke cikin takardunsa babu shi. Alabama ta sallami Mike Price a 2003 tun bai jagoranci wasa ko ɗaya ba, saboda abin da ya aikata a wata tafiya. Waɗannan abin kunya ne kawai. Masu nauyin su ne irin na Penn State a 2011, inda aka gano wani tsohon mataimakin koci ya daɗe yana lalata da yara maza, abin da ya kawo ƙarshen Joe Paterno bayan shekara 46 yana koci, da na Baylor a 2016, inda aka kori Art Briles bayan bincike kan yadda aka yi sakaci da ƙorafe-ƙorafen fyaɗe da ɗalibai mata suka kai kan 'yan wasa.

A duka biyun, nasarar ƙungiya ta sa mutane sun kawar da kai. Koci yana riƙe da samari fiye da 100, da yawansu sun baro gida karon farko, wasu daga gidajen talauci. Idan ni ne darakta, kafin in kira wakilinsa zan kira wanda ya taɓa wanke kayan ƙungiyarsa, da likitan da ya taɓa gaya masa cewa yaro ya bugu a kai ba zai iya komawa fili ba, in ji yadda ya karɓi maganar. A wasan da ake karo da kai kowane mako, wannan amsar ta shafi lafiyar ƙwaƙwalwar yaro har tsufansa.

Waɗanda ba a kira ganawa

Baƙaƙen fata su ne kusan rabin 'yan wasan manyan jami'o'i, amma kaso kaɗan ne cikin manyan kociyoyi. Rukunin jami'o'in kudu na SEC bai samu babban koci baƙar fata ba sai da Mississippi State ta ɗauki Sylvester Croom a ƙarshen 2003. Sai a Janairun 2025 aka ga baƙar fata na farko ya jagoranci ƙungiya a wasan ƙarshe na wannan mataki, wato Marcus Freeman na Notre Dame. NFL tana da dokar Rooney tun 2003 wadda ta wajabta ganawa da 'yan tsiraru, jihar Oregon ta yi makamanciyarta ga jami'o'inta a 2009, amma babu dokar da ta game ƙasa. Masu adawa da irin wannan doka suna cewa cancanta kawai ya kamata a duba. Maganar tana da kyau da a ce ana buɗe ƙofa a tantance kowa. Zaɓin da ake yi cikin kwana huɗu, ta wayar wakili da shawarar attajiri, yana komawa ne ga wanda aka riga aka sani.

Kwantiragin ma ma'auni ne, kuma wasu ne ke biyan kuɗin kuskure

Me ya sa kuɗin sallama suke da yawa haka? Saboda tsoro. Darakta na tsoron wata jami'a ta ƙwace masa koci, sai ya ba shi shekara 10 tare da alkawarin biyan duka ko mafi yawan kuɗin ko an kore shi. Michigan State ta yi wa Mel Tucker haka a 2021, dala miliyan 95, bayan kaka ɗaya mai kyau. Shi kuwa kocin, idan shi ya ga dama ya tafi, abin da za a biya jami'ar ba ya kusa da haka. Duk ɗan takarar da ya ƙi yarda a rage masa kuɗin sallama idan ya samu wani aikin, ya riga ya gaya wa darakta wani abu game da kansa.

Masu kare tsarin suna nuna Alabama: ta ba Saban dala miliyan 32 na shekara 8 a 2007, aka yi ta suka, kakarsa ta farko ma an doke shi sau 6, amma a zamaninsa yawan ɗaliban jami'ar ya tashi daga kusan 25,000 zuwa kusan 40,000, da yawansu daga wasu jihohi masu biyan kuɗin makaranta mafi tsada. Gaskiya ne. Sai dai Saban ɗaya ne, jami'o'in da ke wannan mataki kuma sun haura 130. Suna kuma cewa kuɗin na attajirai ne da na talabijin, ba na haraji ba. A manyan jami'o'i haka ne galibi, amma a ƙanana da yawa akwai kuɗin wasanni da ake ɗora wa kowane ɗalibi a cikin kuɗin makaranta, ko yana kallon wasa ko ba ya kallo. Kuma duk dalar da ta tafi ga kocin da ke zaune a gida, ba ta je ga ƙungiyar ninƙaya ko ta guje-guje ba, wasannin da su ake fara yankewa idan kasafi ya matse.

Idan an kori babban koci, mataimaka da masu nazarin bidiyo da masu horar da motsa jiki su ma sukan tafi, mutum ya cire 'ya'yansa daga makaranta a tsakiyar zango. Akwai kuma iyalai 'yan Najeriya da 'yan Ghana da yawa a Texas da Maryland da Georgia waɗanda 'ya'yansu ke cikin wannan wasa, kuma falonsu na cikin waɗanda kociyoyi ke zama suna alkawari.

Misalin da ya faru a idon kowa shi ne na jami'ar Mississippi, wadda ake kira Ole Miss. A kakar 2025 ƙungiyar ta ci wasa 11 cikin 12, ta samu gurbin zagayen sili-ɗaya-ƙwale karon farko a tarihinta. Ranar 30 ga Nuwamba kocinta Lane Kiffin ya karɓi kujerar da Kelly ya bari a LSU. Ya nemi a bar shi ya ƙarasa gasar da yaran, jami'ar ta ƙi, ta ɗaga mataimakinsa Pete Golding a ranar. 'Yan wasan da suka yi shekara guda suna karo da jikinsu don su kai wannan matsayi sun shiga wasa mafi girma a rayuwarsu, mutumin da ya zauna a falon iyayensu yana Baton Rouge, garin da LSU take, yana zawarcin wasu yaran.